Koren Aƙiƙ: Dutsen Dai Tsoho Ne, Amma Launin Da Ma'anar Fa?

Duk wanda ya nemi bayanin koren aƙiƙ a wurin masu sayar da shi zai ji magana kusan iri ɗaya. Wai dutsen zuciya ne, yana kwantar da hankali, yana jawo arziki, yana sasanta masoya, har ma yana taimakon mace ta samu haihuwa. Daga nan sai a rufe da cewa tun zamanin Fir'auna aka san shi da wannan aiki. Ba duka maganar ce ƙarya ba, kuma wannan ne ya sa take da wuyar warwarewa. An ɗauko labarai uku ne masu zaman kansu aka tufke su wuri guda: labarin aƙiƙ, wanda tsoho ne ƙwarai, labarin launin kore, wanda shi ma tsoho ne amma a jikin wasu duwatsun daban, da labarin koren aƙiƙ ɗin nan mai sheƙi da ya cika kasuwa, wanda bai kai shekara 200 ba.

Aƙiƙ ɗan gidan kwaz ne, wato sinadarin silika, irin wanda ke cikin yashi kuma ake narkawa a yi gilashi. Abin da ya bambanta shi shi ne ƙwayoyinsa ƙanana ne ainun, siraran zaruruwa da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Masana ma'adinai suna kiran wannan dangi kalsidoni, wanda kuma yake da layi-layi a cikinsu shi ne aƙiƙ na haƙiƙa. Yawancinsa a cikin duwatsun aman wuta yake samuwa. Idan narkakken dutse ya malalo, iska takan maƙale a cikinsa, ya huce ya bar ramuka. Sai ruwa mai ɗauke da silika ya riƙa tsattsafowa cikin ramukan yana shafe bangonsu, shafi bisa shafi, daga waje zuwa ciki, har ramin ya cika ko ya bar ɗan kogo a tsakiya. Shi ya sa in an raba curin aƙiƙ biyu ake ganinsa zobe cikin zobe kamar an yanka albasa. Taurinsa yana tsakanin 6.5 da 7 a ma'aunin Mohs mai hawa 10, don haka wuƙar ƙarfe ba ta kartarsa, kuma in an goge shi yana riƙe sheƙinsa shekaru aru-aru.

Launukan da ƙasa ta fi ba shi su ne ruwan toka, fari, ruwan ƙasa, ruwan zuma da ja, galibi saboda ƙarfen da ke cakuɗe a ciki. Kore mai layi-layi da ya fito daga ƙasa a haka ba kasafai ake dacewa da shi ba. Akwai dai koraye na asali a dangin, amma kowanne da sunansa. Akwai kirisofiras, wanda sinadarin nikel ke ba shi kore mai haske. An daɗe ana haƙarsa a Szklary da ke Foland, daga baya aka samu mai kyau a yankin Marlborough na Ostireliya da Haneti a Tanzaniya. Akwai wanda kuromiyam ke ba shi kore mai duhu, irin na Mutorashanga a Zimbabuwe. Rumawa sun sassaƙa hatimai da irinsa. Akwai kuma aƙiƙ mai gansakuka, wanda jikinsa garau ne ko fari-fari, da wasu korayen rassa a ciki sai ka rantse tsiro ne ya maƙale. Ba tsiro ba ne, ma'adinai ne irin su kulorayit suka yi wannan zane. In za a tsananta, ko ɗaya daga cikin ukun nan ba aƙiƙ ba ne a wurin masana tunda ba su da layi, amma kasuwa ba ta damu da wannan ba.

Ta ina ke nan tulin koren aƙiƙ mai layi ya fito, wanda ake yi wa carbi da awarwaro da ƙwayar zobe? Amsar tana wani ƙaramin gari a Jamus, Idar-Oberstein, a gaɓar kogin Nahe. Tun ƙarni na 15 ake haƙar aƙiƙ a tsaunukan yankin, ana goge shi da manyan duwatsun wasawa da ruwan rafi ke juyawa. Magogan kan kwanta rub da ciki a kan benci, su tokare ƙafa, su danna dutsen a jikin wasan da dukan ƙarfinsu. Da aka shiga ƙarni na 19 sai ma'adinin yankin ya ja baya, sana'a ta kama hanyar mutuwa, mutane suka yi ta ƙaura. Wasu daga cikin waɗanda suka sauka a Rio Grande do Sul, kudancin Barazil, sai suka tarar da aƙiƙ birjik a ƙasa. Daga shekarun 1830 aka fara yi wa gida jigilarsa a jiragen ruwa.

Sai dai aƙiƙin Barazil yawancinsa ruwan toka ne, ba ya ɗaukar ido. Amma yana da wata baiwa: wasu daga cikin layukansa suna da ƙofofi ƙanana da ke tsotsar ruwa, wasu kuma a toshe suke. Nan Jamusawan suka ga hanya. In ana son baƙi, a jiƙa dutsen cikin ruwan zuma ko sukari na makonni, sannan a dafa shi cikin asid ɗin salfa, sukarin da ya shige ciki ya ƙone ya koma gawayi. In ana son ja, gishirin ƙarfe da wuta. Kore kuwa, wanda aka gano dabararsa a tsakiyar ƙarnin, ana jiƙa dutsen ne cikin gishirin kuromiyam ko na nikel sannan a gasa shi. Layukan da ke tsotsa su rine, toshassun su zauna fari, sai ga dutse kore shar da fararen layuka. Dabarar zumar kanta ba sabuwa ba ce, domin Filini Babba, marubucin Rum, ya ambaci masu dafa duwatsu cikin zuma kwana bakwai tun a ƙarni na farko. Abin da Idar-Oberstein ta yi shi ne mayar da rinin masana'anta, ta kuma cika kasuwannin duniya da shi. A yau Barazil, Indiya da Sin ne suka ɗauki yawancin aikin, wasu ma da rini mai araha wanda rana ke kodar da shi.

To, mene ne mutanen dā suka ce game da aƙiƙ? Sun ce abubuwa da yawa, sai dai ba kore suke nufi ba. Mutanen wayewar kwarin Indus, tsakanin shekara ta 2600 da 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun ƙware wajen huda dogayen duwatsun wuya na jan aƙiƙ, kuma an tono irinsu a kaburburan sarakunan Ur da ke Iraƙi ta yau, shaidar cewa fataucinsa ya yi nisa tun lokacin. A Babila ana yanka aƙiƙ mai layi ta yadda zai fito da siffar ido, baƙi a tsakiya fari a kewaye. Akwai irin waɗannan da ke ɗauke da rubutun Sarki Nebukadnezar na biyu yana sadaukar da su ga gunkinsa. A Girka, Tiyofarastus almajirin Aristotal ya bayyana dutsen ya kuma danganta shi da wani kogi a tsibirin Sisili. Littafin Fitowa na Attaura ya lissafa duwatsu 12 a ƙirjin rigar babban firist, kuma fassarori da dama sun ɗauki ɗaya daga ciki a matsayin aƙiƙ.

Filini ne ya fi tara camfe-camfen. A kundinsa na tarihin halittu da ya kammala wajen shekara ta 77 miladiyya, ya kawo cewa aƙiƙ na maganin harbin kunama da cizon gizo-gizo, in an sa shi a baki yana kashe ƙishirwa, Farisawa kuma suna turara shi don kore guguwa, wani irinsa ma wai yana hana a kayar da ɗan kokawa. Abin sha'awa shi ne mutumin yana rubuta irin waɗannan labarai yana kuma yi wa bokayen Farisa ba'a a kan yawan ƙaryarsu. Marubutan Turai na tsakiyar zamani, irin su Marbod babban limamin cocin Rennes ta Faransa wanda ya rasu a 1123, sun kwafi maganin dafin, suka ƙara da cewa dutsen yana ba mutum fasahar magana da farin jini. A duba jerin nan da kyau: dafi, ƙishirwa, guguwa, kokawa, iya magana. Babu zuciya a ciki, babu warkar da raunin soyayya. Damuwar mutanen wancan zamani ce aka jingina wa dutsen.

Wuri ɗaya da tsohon camfi ya ɗan taɓa abin da ake faɗa yau shi ne maganar yalwa. Wata tsohuwar waƙar Girkanci a kan duwatsu ta ce manomi ya ɗaura aƙiƙ mai zanen rassa a ƙahon shanun huɗarsa ko a damtsensa, gonarsa za ta yi albarka. Hikimar a fili take: dutse mai kama da tsiro, sai a sa ran zai kira tsiro. Da noma ya daina zama ma'aunin dukiya a Turai sai albarkar gona ta rikiɗe ta koma kuɗi a banki da ƙarin girma a ofis.

Shi kuwa launin kore, darajarsa ta zo ne ta wata hanyar. A tsohuwar Masar kore alama ce ta tsiro da sake rayuwa, shi ya sa ake zana gunkinsu Osiris da koriyar fata. Suna sassaƙa buzuzu da koren dutse su ɗora a ƙirjin gawa, da rubutun da ke roƙon zuciyar mamacin kada ta ba da shaida a kansa ranar awo. Wannan ita ce mafi kusancin alaƙa tsakanin koren dutse da zuciya a tsohon tarihi, amma duwatsun da suka fi amfani da su yasfa ne da safantin da makamantansu, kuma aikin layar shi ne rufe bakin zuciya, ba buɗe ta ba. A Rum, Filini ya ce babu launin da ya kai kore daɗin kallo, har masu sassaƙa kan huta da idanunsu ta hanyar duban zumurrudu. Kiristocin Turai sun ɗauki wani koren dutse mai ɗigo-ɗigon ja a matsayin tunin jinin Almasihu bisa aƙidarsu. Sarki Sharl na huɗu ya sa an manna kirisofiras da wasu duwatsun a bangon ɗakin ibadar Wenceslas a birnin Firag na ƙasar Czech ta yau a ƙarni na 14, Firedirik Babba na Furushiya kuma ya ƙawata fadarsa da akwatunan tabarsa da shi.

A duniyar Musulmi aƙiƙ yana da matsayi na musamman, kuma nan ne ya kamata a bi a hankali, domin an fi cakuɗa ingantacce da ƙagagge. Yaman ta shahara da shi tun kafin Musulunci. A hadisin ƙagen da aka yi wa Nana A'isha (RA), sarƙar wuyan da ta ɓace mata ta duwatsun Zafar ce ta ƙasar Yaman, 'yan dangin aƙiƙ masu layin baƙi da fari. Muslim ya ruwaito daga Anas (RA) cewa zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne kuma ƙwayarsa ta Habasha ce. Imam Nawawi ya kawo bayanin malamai cewa ana nufin dutse irin aƙiƙ ko ɗan'uwansa mai layi, wasu kuma suka ce launinsa ake nufi, wato baƙi. A wata ruwayar ta Bukhari an ce ƙwayar ma ta azurfa ce. Amma maganganun da ke yawo cewa a sa zoben aƙiƙ domin yana da albarka ko yana kore talauci, malaman hadisi na Ahlus Sunna ba su karɓe su ba. Uƙaili ya ce babu abin da ya tabbata daga Annabi (SAW) a wannan babi, Ibnul Jauzi kuma ya sanya su cikin ƙagaggu. A ɓangaren Shi'a akwai ruwayoyi masu yawa daga Imamansu kan falalar aƙiƙ, shi ya sa zobensa ya zama ruwan dare a Iran da Iraƙi, amma ko a can ja da rawaya da fari aka fi ambata.

Kore kuma Alƙur'ani ya ambace shi a siffar tufafin 'yan Aljanna a Suratul Kahf da Suratul Insan, da shimfiɗunsu a Suratur Rahman. To, ga dutse mai alaƙa da zoben Annabi (SAW), ga launi mai alaƙa da Aljanna. Ba a buƙatar wani dogon tunani kafin ɗan kasuwa ya haɗa biyun. Haɗin nasa ne, ba nassi ba. A ganina babu abin da ya yanke wannan magana kamar kalaman Sayyidina Umar (RA) a gaban Hajarul Aswad, cewa ya san shi dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, kuma ba don ya ga Manzon Allah (SAW) yana sumbantarsa ba da bai sumbace shi ba. In wannan ne matsayin dutsen Ka'aba, ina ga wanda aka jiƙa cikin kuromiyam? Ado halal ne. Rataya dutse da imanin shi ke tsarewa ko azurtawa, shi ne abin da malamai ke tsoratarwa a kai a babin shirka. Masanan Musulmi na dā ma ba duka suka haɗiye camfin ba. Albiruni, a ƙarni na 11, ya zauna yana auna nauyin duwatsu masu daraja da ruwa don bambance na gaske da jabu, kuma alƙalumansa sun yi kusa ƙwarai da na yau.

Saura maganar “dutsen zuciya”, wadda ita ce jarin masu sayarwa a yanzu. Ta fito ne daga tsarin cakra na Indiya, wato wasu cibiyoyi da masu yoga ke cewa suna jere a jikin mutum daga gindin kashin baya zuwa tsakar ka. Ta huɗu, wadda ke saitin ƙirji, sunanta anahata. A shagunan yau koriya ce, don haka duk koren dutse nata ne. Amma a rubutun Sanskirit na ƙarni na 16 da Baturen Ingila John Woodroffe ya fassara a 1919, wanda ta hanyarsa Turawa da yawa suka san tsarin, furen anahata ja ne, tsakiyarsa kuma ruwan hayaƙi. Jera cibiyoyin bakwai bisa launukan bakan gizo, inda kore ya faɗo a ta huɗu don kawai shi ne na huɗu a bakan gizo, aikin marubutan Yamma ne, kuma ya kafu ne a shekarun 1970. A shekarun 1980 harkar waraka da duwatsu ta bunƙasa a Amurka da Birtaniya, littattafai suka yi ta fitowa suna raba wa kowane dutse aikinsa. Wato ma'anar da ake cewa ta shekara dubbai, a siffarta ta yanzu ba ta wuce shekara 50 da 'yan kai ba.

An ma gwada abin. A 2001 Christopher French da abokan aikinsa na kwalejin Goldsmiths a Landan suka ba mutum 80 duwatsu su riƙe suna tunani na minti biyar. Wasu an ba su kwaz na gaske, wasu gilashi, ba tare da sun sani ba. Waɗanda suka riƙe gilashi sun ba da labarin ɗumi da tsikar jiki daidai da waɗanda suka riƙe na gaske, kuma waɗanda aka riga aka gaya wa abin da za su ji sun fi jin sa. Wannan ba ya nufin mai cewa ya samu natsuwa ƙarya yake yi. Mutum ya zauna shiru, ya riƙe abu mai sanyi da santsi, ya daidaita numfashi, ya tattara hankalinsa wuri ɗaya, dole ya ji sauƙi. Zaman ne ya yi aikin. Inda abin ke zama haɗari shi ne a ce wa mai hawan jini ko ciwon zuciya ko matsalar haihuwa ya rataya dutse, ya yi ta jira har lokacin da likita zai iya taimakonsa ya wuce.

Yadda labari ke hura farashi kuwa, Indunusiya ta nuna wa duniya a 2014 da 2015, lokacin da zazzaɓin zoben aƙiƙ ya kama ƙasar. Manya da yara, ma'aikata da 'yan siyasa, kowa da zobba a yatsu, ana haska duwatsu da tocila a bakin titi. Wanda ya fi tashe shi ne koren dutsen Bacan daga arewacin Maluku. Ba a daɗe ba zazzaɓin ya sauka, farashi ya faɗi warwas, waɗanda suka zuba jarinsu aka bar su da duwatsu a hannu.

Akwai kuma waɗanda dutsen ke taɓa jikinsu da gaske, ba a camfi ba. A Khambhat da ke jihar Gujarat ta Indiya, garin da ya yi ƙarnoni yana sarrafa aƙiƙ, magoga da yawa suna aiki a cikin gidajensu, suna goge duwatsun a bushe. Ƙurar silika tana shiga huhu ta zauna, ta haddasa cutar silikosis wadda ba ta da magani, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Gogewa da ruwa da na'urar zuƙe ƙura suna rage haɗarin sosai, sai dai suna ƙara kuɗin aiki, dutsen kuwa arha ake son sa.

Wanda ke sha'awar koren aƙiƙ don kyansa, babu abin da zai hana shi saye, rinanne ne ko na asali. Rini ba aibi ba ne in an faɗa, ɓoye shi ne ha'inci. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Gane rinanne ba wuya: korensa ya cika ƙarfi, duwatsun carbi guda duk launinsu ɗaya sak, kuma in aka duba da madubi za a ga launin ya taru ya yi duhu a cikin tsaguwa da bakin huda. Rini mai araha yakan bar kore a jikin auduga in an goga da ruwan goge farce, amma na kuromiyam ba ya fita, don haka rashin fitar launi ba shaidar asali ba ce. Gilashi kuma yakan nuna ƙananan kumfa a ciki, kuma ya fi saurin ɗaukar ɗumin hannu. A kula da sunaye: abin da ake kira koren onis a shagunan zobe kusan ko da yaushe rinannen kalsidoni ne, wani lokaci ma a laƙaba masa sunan zumurrudu ko jed, korayen duwatsu masu tsada, don a ninka kuɗinsa. Kirisofiras na asali ya fi su tsada nesa ba kusa ba, kuma shi ma ba ya son zafi. In ya daɗe a rana mai ƙarfi ko kusa da wuta launinsa yakan kode.